Lambu da Unguwa Masu Suna Ɗaya: Wa Ya Ari Sunan Wa, Kuma Wa Ke Cin Moriyarsa?

Idan mutum a birnin Chicago na Amurka ya ce maka yana Lincoln Park, bai gama gaya maka inda yake ba. Ta yiwu yana zaune a gindin bishiya a bakin tafkin Michigan, ta yiwu kuma yana cikin falon gidansa a wani layi da ko ruwan ba a hangowa. Suna ɗaya ne a kan abu biyu: lambun shaƙatawa na jama'a mai faɗin eka kusan 1,200, da unguwar da ke jingine da wani ɓangare nasa. Lambun ya miƙe a bakin ruwa har tsawon mil kusan bakwai, ya bi gefen unguwannin Lake View da Uptown har ya kai Edgewater. Ita kuwa unguwar, daga titin North Avenue zuwa Diversey ta tsaya. Ke nan mafi tsawon lambun ma ba ya cikin unguwar da ke amsa sunansa.

Irin wannan ya cika manyan biranen duniya, musamman na Ingila da Amurka, har mutane sun daina lura da shi. Sai dai in ka bi diddigin kowanne, ka tambayi wane ne ya riga wani samun sunan, kusan kullum za ka iske maganar fili da kuɗi a ƙarƙashinsa. Shi ya sa nake ganin batun ya wuce rikicewar adireshi. Sunan da unguwa ta haɗa da lambu yana ƙara wa gidajenta daraja, yana kuma sa mazaunanta su ji kamar lambun gadonsu ne, alhali da harajin kowa aka yi shi.

Shi Lincoln Park asalinsa maƙabartar birni ce. Da aka fara tsoron cewa kaburburan da ke cikin yashi mai danshi a bakin tafki za su gurɓata ruwan sha, sai aka dakatar da binne mutane, aka shiga kwashe gawawwaki zuwa wasu wurare, aka mayar da filin wurin shan iska mai suna Lake Park. A 1865, bayan kisan shugaban ƙasa Abraham Lincoln, aka sauya masa suna don tunawa da shi. Har yau akwai ginin kabari guda na dutse, na iyalan Couch, da ya rage a tsaye a kudancin lambun, mutane na wucewa ta gefensa da kekuna. Gidajen da ke yamma da wurin daga baya suka sami sunan. Abin da ya tabbatar da shi a takarda kuwa shi ne aikin da malaman nazarin zamantakewa na Jami'ar Chicago suka yi a shekarun 1920, lokacin da suka yanka birnin gida 75 don sauƙin ƙididdiga. Yau yankunan 77 ne, kuma da dama daga cikinsu sunan lambu suke amsawa, kamar Washington Park da Humboldt Park da McKinley Park.

Don a gane dalilin da ya sa lambu da gidaje suka zama kamar ɗan juma da ɗan jummai, sai an koma Ingila ta ƙarni na 19, zuwa garin Birkenhead da ke tsallaken kogi daga Liverpool. Garin yana bunƙasa, masana'antu na ƙaruwa, hukumomin garin suna son su yi wa jama'a wurin shaƙatawa, amma kuɗin yi ne matsala. Dabarar da suka yi ita ce ta zama abin koyi. Sun sayi fili mai faɗi, fadama ce mai arha wadda ba ta da wani amfani sosai, suka ba Joseph Paxton aikin tsara ta. Ya haƙa tafkuna don janye ruwan, ya tara ƙasar da aka haƙo ya yi tuddai da ita, ya dasa itatuwa. Kimanin eka 125 aka ware wa jama'a, sannan aka yanka gefe-gefen filin fuloti-fuloti aka sayar wa masu hali su gina gidajen da ke fuskantar lambun. Fadamar da ba wanda ke so jiya, yau ta zama wurin da ake rububi, kuma kuɗin fulotin ne ya mayar da abin da aka kashe. An buɗe lambun a 1847.

Kafin wannan, John Nash ya gwada irin tunanin a Landan tun daga 1811, lokacin da ya tsara Regent's Park a filin masarauta. Shi nasa tun farko don manya aka yi shi: gidajen alfarma sama da hamsin ya zana a cikin filin, amma takwas kawai aka gina, kuma sai a shekarun 1830 aka fara barin talakawa su shiga wani ɓangare. Bambancin Birkenhead shi ne ƙofa a buɗe take ga kowa tun ranar farko. Wani matashi ɗan Amurka, Frederick Law Olmsted, ya ziyarci wurin a 1850, abin da ya fi burge shi kuwa shi ne ganin mai kuɗi da lebura suna yawo a hanya ɗaya. Shekara takwas bayan haka, a 1858, shi da Calvert Vaux suka ci gasar tsara Central Park na New York, mai eka 843.

Olmsted bai ɓoye hujjar kuɗin ba. Abin da ya riƙa nuna wa mahukunta shi ne cewa filayen da ke kewaye da lambun za su yi tsada, harajin da birni ke karɓa a kansu zai ƙaru, ƙarin kuma zai biya bashin da aka ci. Haka ɗin kuwa aka yi. Ba a kira wata unguwa Central Park ba, amma titunan da suka kewaye shi sun sauya suna: ɓangaren Eighth Avenue da ke gefensa ya koma Central Park West, ɓangaren titi na 59 ya koma Central Park South. A Brooklyn, wani yanki na New York, inda Olmsted da Vaux suka tsara Prospect Park da aka buɗe a 1867, sunan ya bazu ko'ina: Park Slope, Prospect Heights, Prospect Park South. Kowace unguwa ta yago rabonta.

Akwai abin da bai kamata a tsallake ba a nan. Filin da aka yi Central Park a kansa ba kango ba ne. Mutum kusan 1,600 ke zaune a ciki, kuma a cikinsu akwai ƙauyen Seneca Village da aka kafa a 1825, mai mutum kimanin 225, kashi biyu cikin uku baƙar fata ne, sauran galibi 'yan Ailan. Suna da majami'u uku da makaranta, da yawansu kuma su ne suka mallaki filayensu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, domin dokar jihar New York ta ce baƙar fata ba zai jefa ƙuri'a ba sai ya mallaki kadarar da ta kai dala 250. A 1857 aka tashe su da ƙarfin doka, aka rushe ƙauyen. Sunan lambun ya hau kan tituna mafi tsada a birnin, sunan ƙauyen kuwa ya ɓace daga bakin mutane har sai da masana tarihi suka tono shi a ƙarshen ƙarni na 20. Duk lokacin da na ji ana yabon dabarar lambu ya biya kuɗin kansa, wannan ƙauyen nake tunawa, domin ba a sa asarar mutanensa cikin lissafin ba.

To amma ba kullum maƙwabtaka ce ke sa unguwa ta ɗauki sunan lambu ba. Sau da yawa tashar jirgin ƙasa ce ke yin aikin. Finsbury Park na arewacin Landan misali ne mai kyau. An buɗe shi a 1869, an kuma sa masa sunan ne saboda mutanen Finsbury, wani yanki mai cunkoso da ke kusa da tsakiyar birni, waɗanda suka daɗe suna neman a yi musu wurin shan iska. Sai dai fili bai samu kusa da su ba, aka je mil kusan uku arewa aka yi shi. A shekarar da aka buɗe shi, tashar jirgin da ke kusa, wadda a da ake kira Seven Sisters Road, ta koma Finsbury Park. Daga nan duk wanda ke sauka a tashar idan aka tambaye shi inda yake zaune, sunan tashar zai faɗa. Yau Finsbury Park unguwa ce da ta ratsa ƙananan hukumomi uku, Islington da Hackney da Haringey, kuma yawancin mazaunanta ba abin da ya haɗa su da ainihin Finsbury. Sunan ya tashi daga unguwa ya hau lambu, ya sauka a tasha, ya koma kan wata unguwar dabam.

A Brooklyn ma an yi makamancin haka ba tare da jirgi ba. Lambun Sunset Park ƙarami ne, bai wuce eka 25 ba, yana kan tudu mai hangen tashar jiragen ruwa. Yankin da ke kewaye da shi an daɗe ana lissafa shi cikin South Brooklyn ko Bay Ridge, sai a shekarun 1960 sunan lambun ya zama na unguwar baki ɗaya.

Sai kuma nau'in da ya fi nuna hannun dillalai a fili: unguwa mai sunan lambu, amma babu lambun. A 1853 wani lauya mai suna Paul Cornell ya sayi eka 300 a kudancin Chicago, ya sa wa wurin suna Hyde Park don ya jawo masu kuɗi da ƙamshin sunan da aka sani a Landan da New York. Babu wani lambu mai wannan sunan a unguwar, har yau. Lambunan da ke gefenta, Jackson Park da Washington Park, daga baya aka yi su, kuma shi Cornell yana cikin waɗanda suka yi ta fafutukar a yi su, domin ya san abin da za su ƙara wa filayensa. Shi kuwa Hyde Park na asali a Landan, filin farauta ne da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace daga hannun majami'ar Westminster a 1536, aka buɗe wa jama'a a 1637. A yammacin Landan ma, rukunin gidajen Bedford Park da Jonathan Carr ya fara ginawa a 1875 gidaje ne da tituna masu itatuwa, ba lambun jama'a ba. Mai sayen gida yana jin sunan sai ya hango ciyawa da inuwa da iska mai kyau, mai sayarwa kuma abin da yake so ke nan.

A Los Angeles abin ya ɗauki wani salo. Akwai unguwar masu hali da ake kira Hancock Park, akwai kuma lambu mai suna Hancock Park, amma lambun ba ya cikin unguwar. Dukansu daga iyali ɗaya suka fito. George Allan Hancock, wanda ya yi arziki da man fetur a gonar gadonsu ta Rancho La Brea, shi ya yanka unguwar a shekarun 1920, shi ne kuma ya ba gundumar Los Angeles kyautar eka 23 a 1924 don a adana ramukan kwalta da ake tono ƙasusuwan dabbobin zamanin da a cikinsu. Baƙon da ya ce a kai shi Hancock Park don ya ga ramukan, in aka sauke shi a unguwar, sai ya ƙara tafiya yamma kafin ya isa. A cikin birnin dai, lambun Westlake Park da aka yi a shekarun 1880 ya ba unguwarsa suna, sannan a 1942 aka sauya wa lambun suna zuwa MacArthur Park don karrama Janar Douglas MacArthur. Unguwar ta riƙe tsohon sunan, har yau Westlake take. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke wurin sai ta haɗa biyun a allonta.

Ba ƙasashen masu Turanci kaɗai ke da wannan ba. A Berlin, Tiergarten sunan babban lambun tsakiyar birni ne kuma sunan yankin da ke kewaye da shi. A Madrid akwai Retiro, a Paris kuma gunduma ta 19 tana ɗauke da sunan Buttes-Chaumont, lambun da aka buɗe a 1867 a wurin da a da ake fasa dutse ana zubar da shara. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Azbakiyya ta Alƙahira. Sunan na wani amiri ne na zamanin Mamluk, Azbak, wanda ya haƙa tafki ya gina fada a wurin a ƙarshen ƙarni na 15, manya suka biyo shi suka kewaye ruwan da gidaje. A ƙarni na 19 aka cike tafkin, mai mulkin Masar Khedive Isma'il ya sa aka yi lambu irin na Paris aka buɗe a 1872, kusa da gidan wasan opera da ya gina a 1869. Gidan wasan ya ƙone a 1971, tituna da gine-gine suka yi ta cin lambun har ya ragu ƙwarai. Ga mutane da yawa yau, in aka ce Azbakiyya, kasuwar tsofaffin littattafai da ta samo asali a jikin katangar lambun ce ke fara zuwa musu a rai. Unguwa na iya riƙe suna ta bar lambun da suka haɗa sunan yana lalacewa a gabanta.

Nawa ne lambu ke ƙara wa gida? John Crompton na Jami'ar Texas A&M ya daɗe yana tattara binciken da aka yi a kan wannan. A 2001 ya ce kashi 20 cikin ɗari ma'auni ne mai kyau na farawa ga gidan da ke manne da lambu mai natsuwa. Da ya sake duba sababbin bincike a 2020 tare da Sarah Nicholls, sai suka rage zuwa tsakanin kashi 8 da 10. Abu biyu ne suka fi muhimmanci a sakamakon. Ƙarin yana raguwa da sauri in ka yi nisa, bayan 'yan layuka kaɗan ya kusa ƙarewa. Kuma lambun da ke da hayaniya, ko fitilun filin wasa masu haske cikin dare, ko wanda aka yi watsi da shi, yana iya rage wa gidan da ke jikinsa daraja. A nan ne amfanin suna yake ga dillali. Inuwar bishiya ba ta wuce inda ta tsaya, amma suna ana iya jan sa har inda aka ga dama. Gidan da ke tafiyar rabin sa'a daga ƙofar lambun, in dai an rubuta sunan a tallarsa, ya sami wani abu daga darajar da bai kai gare ta ba. Shi ya sa iyakar irin waɗannan unguwanni a bakin dillalai kullum faɗaɗa take yi, alhali ta taswirar hukuma tana nan inda take.

Haka kuma sunan ke jawo wa unguwa baƙin jini. In aka yi fashi cikin dare a lambu, labari zai ce an yi a wuri kaza, mai karatu ba zai bambance ko tsakiyar itatuwa ake nufi ko ƙofar gidajen mutane ba. Mazauna Westlake sun daɗe suna ɗauke da nauyin duk abin da aka ji game da MacArthur Park.

Babbar matsalar dai ita ce ta mallaka. A New York akwai wurin da aka yanke maganar tun farko: Gramercy Park. Samuel Ruggles ya tsara shi a 1831, eka biyu kacal, ya kewaye shi da shingen ƙarfe, ya rubuta cewa masu fulotan da ke kewaye ne kaɗai ke da haƙƙin shiga. Har yau haka abin yake. Makullai 'yan ɗaruruwa ne, ana sauya kwaɗon duk shekara, sauran jama'a kuwa sai dai su leƙa ta tsakanin ƙarafa, in ban da ɗan lokaci a jajibirin Kirsimeti. Unguwar gaba ɗaya tana amsa sunan, amma yawancin masu cewa a Gramercy Park suke ba su taɓa taka ciyawarsa ba. Ba na son tsarin, sai dai aƙalla ba a yaudari kowa ba, an san lambun na wasu ne.

Inda abin ya fi ciwo shi ne lambun jama'a da maƙwabta ke riƙe da shi tamkar Gramercy ba tare da takarda ba. Kuma su waye maƙwabtan ma, wannan yana sauyawa. A shekarun 1950 da 1960 unguwar Lincoln Park cike take da ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, cikinsu har da dubban 'yan Puerto Rico. Da shirin sabunta birni ya zo, aka rushe gidaje, haya ta tashi, suka watse zuwa yamma. Ƙungiyar Young Lords, wadda a da gungun samarin titi ce, ƙarƙashin José Jiménez ta koma ta siyasa a 1968 musamman don yaƙar wannan korar, amma ba ta iya tsayar da ita ba. Yau unguwar na cikin mafi tsada a Chicago. Waɗanda suka zauna da lambu lokacin da ba a kula da shi, su ne sukan fara barin wurin in an gyara shi.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Maƙwabcin lambu yana da haƙƙin a saurare shi, domin shi ke kwana da hayaniyar, shi ke rasa wurin ajiye mota ranar biki, kuma sau da yawa shi ke fitowa aikin gayya na shara da dashe. Amma haƙƙin a saurare ka dabam, haƙƙin yanke hukunci dabam. Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya da 'ya'ya huɗu a can wata unguwa, ya hau bas biyu ya kawo su su yi gudu a ciyawa, ya fi mai gida da farfajiya bukatar lambun, kuma shi ne ba a gani a taron ƙungiyar mazauna unguwa. Idan ƙarin darajar gidaje daga kuɗin jama'a ya fito, daidai ne wani kaso nasa ya koma ta hanyar haraji zuwa lambunan unguwannin da ba su da attajiran da za su tara musu gudummawa, kuma a tanadi gidajen haya masu rahusa kafin a fara gyara, ba bayan farashi ya riga ya tashi ba.

Echo Park na Los Angeles ya nuna yadda rigimar take idan ta fito fili. Tafkin da ke tsakiyar lambun asalinsa madatsar ruwa ce ta ƙarni na 19, daga baya aka mayar da shi wurin shaƙatawa, unguwar ta ɗauki sunansa. An kashe dala miliyan 45 wajen gyara shi, aka sake buɗewa a 2013, a daidai lokacin da haya ke hauhawa a unguwar. Zuwa lokacin annobar korona, mutum kusan 200 marasa matsuguni sun kafa tantuna a bakin ruwan. Wasu mazauna suka ce an ƙwace musu lambunsu, yara ba sa iya zuwa. Wasu mazaunan kuma suka ce masu tantunan ma 'yan Echo Park ne, ba su da wani wurin zuwa. A watan Maris na 2021 'yan sanda suka rufe wurin, aka kwashe tantunan, aka kama masu zanga-zanga sama da ɗari, aka kewaye lambun da shingen waya. Bayan wata biyu aka buɗe shi amma aka bar shingen, ana shiga ta 'yan ƙofofi ƙalilan. Shingen ya zama abin yaƙin neman zaɓe a mazaɓar, ɗan majalisar birnin da ya sa aka kafa shi ya faɗi a 2022, wanda ya gaje shi kuma ya sa aka cire shi a watan Maris na 2023.